Furfura a Kan Jaririya

An haife ta da fari a goshi. Gashi ne, ɗan tsagi mai faɗin yatsa biyu, daidai inda bakin kallabi ke zama. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce, bakina bai saba ba. Ranar suna wanzami ya aske shi tare da sauran, ungozoma ta ce in kwantar da hankalina, gashin ciki ba ya dawowa yadda ya tafi. Ban gama wankan jego ba ya dawo, fari fat, a wurinsa.

A Kaura muke zaune, bayan tashar jirgi, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Shi gyaran keke yake yi, kuma maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Inna ce mai magana. Ba ta taɓa zagina ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban Allah. Sai dai in tana yi wa yarinyar rawa a cinya takan ce, "Tsohuwa, daga ina? Mu dai gidanmu sai an ga jikoki ake hurhura."

Wata maƙwabciya ta ce, "Inna, a duba dangin uwa mana."

"Na duba. Baƙaƙe ne wul, kamar gindin tukunya."

Aka yi dariya, ni ma na yi.

Shekarar ce aka kawo Shari'a, jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba. Rediyo kullum zancen kotu, bakin famfo kullum zancen wance da wane. Na san abin da ban aikata ba. Na kuma ji malamai suna cewa ɗan aure na mai aure ne. Amma sani daban, faɗuwar gaba daban. In mata biyu suka yi ƙasa da murya sai in ɗauka da ni suke. In maigidana ya daɗe yana kallon yarinyar, sai in ƙona miya. Na saƙa mata hular ulu, ba na cire ta sai wanka. Abin da nake nema bai fi mutum ɗaya ba, mai rai ko matacce, a cikin dangina, da za a ce ga inda ta ɗauko.

Dangin nawa kuwa ba su da yawa. Mahaifina ya rasu ina ƙarama. Sai baffannina biyu da goggo, ƙanwarsu, mai sayar da daddawa. In ka tambaye su daga ina muke, su ce daga nan.

Da kaka ta zo baffannina suka kai maganar gonar kakanmu gaban alƙali a raba, tunda a lokacin kowa gyaran gado yake yi. Alƙali ya nemi takardu. Goggo ta jawo wata adaka daga ƙarƙashin gadonta, ta fito da tsohuwar gafaka mai warin barkono, don da shi take korar gara. Takardu biyu ne a ciki, duka da ajami. Ɗaya wasiyya ce. A ciki kakan namu ya ce yana da ƙanwa da ya bari "can gida", ya sayar da gonar ubansu har da rabonta ya kama hanya, a fitar mata da haƙƙinta daga wannan gonar, ita ko 'ya'yanta. Bai faɗi inda gidan yake ba. Ɗayar takardar sayen gonar Kaura ce, a ciki an rubuta sunansa, aka bi shi da "mutumin Moriki".

Alƙali ya ce ba rabo sai an nemo su. Baffannina suka ce su girbi ke gabansu. Ina jin da so samu ne kada a nemo kowa.

Boko aji uku na tsaya, amma allo na yi nisa. Ajami ina haɗa shi a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Goggo ta zo har gida ta roƙi maigidana ya ba ta ni kwana uku, mu je Moriki neman dangin. "Ita idona, ni bakinta," in ji ta. Da muka fito ta dubi hular yarinyar, ta dube ni. Na gane ta san ba gona ce ta fito da ni ba.

A lokacin an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, muka jira motar da aka ware mana har rana ta ɗaga. Tafiyar nan har yau ba na iya rabe abin da na gani da abin da na yi gyangyaɗinsa. An yanke gero, dammuna a jingine kamar mutane masu jiran sallah. Zafin kaka yana rawa a kan kwalta. Yarinyar ta yi barci a ƙirjina, gumi na bin ƙasan hular. Can na ga wani mutum da jakai uku yana tafiya gefen hanya, ya nufi inda muka baro, rawani ya rufe masa rabin fuska. Na juya ina kallonsa har ya zama ɗigo. Na ce a raina, haka kakanmu ya zo, mu kuma muna kwance masa sawu ɗaya bayan ɗaya.

A Moriki maigari ya tura mu gidan wani tsohon maƙeri, ya ce ubansa ne ke sayen gonakin baƙi in za su tashi. Tsohon ya daina ƙira, yana zaune a zaure yana korar ƙuda. Ya sa aka ɗauko masa gwangwanin takardu, ya zube su a tabarma. Na bi su ɗaya ɗaya har na ga sunan kaka. Takardar gona ba ta faɗin girman gona, maƙwabtanta take faɗi. Gabas burtali, yamma gonar liman, kudu tsamiya, arewa rijiya. Mai sayarwa kuma, "na Shinkafi, mai jakai".

"Na tuna shi," in ji tsohon. "Kanwa yake kawowa. Ina yaro nike riƙe mai jaki."

Na tattara ƙarfin halina na ce, "Baba, kansa fa? Yaya gashin kansa yake?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi launin iska. "Ɗiyata, wa ya taɓa ganin kan dattijo? Aski duk Juma'a, hula, rawani bisa. Ko matarsa sai in ta yi sa'a."

Goggo ta yi dariya har da tafi. Ita ma, ta ce, ba ta san ubanta da gashi ba sai fari duka. Ni ban yi dariya ba. Ashe dukanmu a rufe muke yawo, maza da hula, mata da kallabi, kowa na iya ɗauke da abin nan har kabari ba a sani ba.

Mun je mun ga gonar. Rijiyar ta cike, burtalin ya tsuke ya zama 'yar hanya. Tsamiyar ce kawai ke nan. Na zauna a inuwarta na ba yarinyar nono, ina jin kukan kurciya, kamar an taɓa zaunar da ni a wurin tun ba a haife ni ba.

Shinkafi mun same ta a cike, ranar kasuwa. Muka tambayi unguwar da fataken kanwa ke sauka a da, aka kai mu gidan limaminta. Kakansa ne ke rubuta wa mutanen unguwar takardu, yana ajiye ɗaya. Gara ta ci rabin tarin. Na yini ina buɗe shafuka masu ƙananan ramuka, rana na ratsowa ta cikinsu tana sauka a zanena. Sai bayan la'asar na ga sunan kaka, layi uku kacal: an ara wa baƙo, na Jangeru, wani yanki na fadama damina biyu, ya mayar lafiya.

A Kaura mutumin Moriki, a Moriki na Shinkafi, a Shinkafi na Jangeru. Ko'ina da garin da ya baro ake kiransa. Na ji tausayinsa, duk da gonar ƙanwarsa da ya sayar.

Jangeru ba mu nemi takarda ba. Goggo ta tsaya wurin masu sayar da nono ta ce, "Ina gidan da ɗansu ya tafi da jakai bai dawo ba?" Ba a yi dogon tunani ba aka nuna mana.

Ƙanwar kaka ta daɗe da rasuwa. 'Yarta muka tarar, tsohuwa siririya mai goro a baki, tana sussukar gero da sauran ƙarfinta. Goggo ta yi bayani tun daga wasiyya. Tsohuwar ta ajiye taɓarya, ta daɗe tana kallon ƙasa. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ɗago ta ce, "To, ɗiyar ɓarawon gona, sai yau kunka ga hanya?"

"Mun ji tsoron ku cinye mu ne, masu tsaron kango," in ji goggo.

"Mi za a ci a jikinki? Wari kike kamar daddawa."

"Ita nake sayarwa, ke mi kike sayarwa, haƙora?"

Ɗiyar wa da ɗiyar ƙanwa, taubasai ke nan. Ba su taɓa ganin juna ba, amma wasan kamar jiya suka ajiye shi. Sai da suka gaji sannan suka rungume juna, kukan ya zo.

Aka shimfiɗa mana tabarma, aka dama fura. Tsohuwar ta miƙo hannu na ba ta yarinyar. "Wagga hula fa, cikin zahin ga? Dahuwa kike so ta yi?" Kafin in buɗe baki ta fizge ta.

Na rufe idona.

"A'aha! Ga mai nono!"

Na buɗe. Tana shafa farin gashin da babban yatsa, tana murmushi kamar ta tsinci abin da ya ɓace mata. Ta ce kakarsu ta farko daga hayin iyaka ta zo, ƙasar da Faransa ta mulka, wata shekarar yunwa, da ƙwaryar nono a kai. Tafiyar ta yi tsawo, nonon yana ɗiga mata a goshi, har wurin ya ƙi komawa baƙi. Haka aka gaya musu suna yara. Daga can baya ba takarda, ba wanda ya san kome. "Ba kowa yake kamawa ba," in ji ta. "Kamar shamuwa ne, ya tsallake gida biyu ya sauka na uku. Uwata na da shi. Ni ya ƙi ni. Ɗana ya kama."

Ta aika aka kira ɗan daga gona, magidanci mai kamar shekara arba'in. Ta ce cire hula. Ya cire yana kunya. Kan a aske yake, amma gashin ya fara tsirowa, ga wurin nan a goshi kamar an barbaɗa gari.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Goggo ce ta faɗa musu dalili, a taƙaice. Tsohuwar ta tofar da goro ta ce, "Shi ne za ya je muku kotun, ai."

Na share hawaye na ce, "Iya, alfarma ɗaya. Kada ya yi aski sai ya zo."

Ta yi dariya har ta sarƙe.

Bayan Juma'a biyu ya zo Kaura. Alƙali ya fitar musu da rabon uwarsu daga gefen gabas, baffannina suka yi wata guda ba sa amsa gaisuwata da kyau. Daga kotu goggo ta kawo shi gidanmu, a matsayin yayana, ya gaida Inna. Yana ta sosa kai ta saman hula yana cewa na mayar da shi bunsuru. Maigidana ya dawo cin abincin rana, suka gaisa. Da aka kira azahar na cika buta na ajiye ta a tsakiyar gida, nesa da inda baƙi suka saba alwala, daidai gaban tabarmar da Inna ke tsintar wake.

Ya tsuguna. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki ina kallo. Da ya zo shafar kai ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

Hannun Inna ya tsaya a cikin faifai. Ta dubi goshinsa, ta dubi yarinyar da ke rarrafe kusa da turmi. Maigidana ma ya gani, ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Ashe," in ji Inna. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ɗaga murya ba tare da ta dube ni ba. "Ke, baƙo tun daga Jangeru, miyar kuka za ki ba shi? Kama zakaran can."