Yadda Nomau Ya Ci Ni Gardamar Firigo

Ku da kuka san Nomau mai gyaran firigo, ba sai na tuna muku ba: in ya shiga gida, firigo yake fara gaidawa kafin mai gida. Kana miƙa masa hannu zai wuce ka, ya je ya durƙusa gaban na'urar, ya ɗora tafin hannu a gefenta, ya manna kunne. "Ina kwana, Hajiya? An tashi lahiya? Ƙaƙa zahi?" Sai ya yi shiru, ido rufe, baki buɗe, kamar tsohuwa mai sauraren gulma ta bayan darni. Sai ya gama jin amsa sannan ya waiwayo ya ce maka, "Af, ashe kai ma kana nan."

Ni Bawa, mai lambu a bakin tabkin Madarumfa, taubashinsa ne, don ɗan kawuna ne. Tsiya tsakaninmu gado ce, ba mu muka fara ba. Lakwal ɗin da na yi, wato boko, ba ta kai ta kawo ba, mushenmu, malamin ajinmu, ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar tulu. In kun ga rubutun nan ya karkace, haka mai shi yake.

Abin da ya haɗa mu gardama shi ne firigon gidana. Matata Tsahara ta sayo shi Jibiya, kuma tun ranar da ya zo tsoho ne, fentin ya koɗe, ƙofar na jan ƙafa. Amma a cikinsa take yin ƙanƙara da zoɓo da ruwan tsamiya tana kaiwa tasha, kuma rabin cefanenmu daga nan yake fita. Sauran rabin ma Tsahara ce. Ni dai ina ba da shawara. Nomau ya sa wa firigon suna Gwaggo, ya ce duk abin da ke aiki dare da rana ba a gode masa, mace ce.

Wata rana muna zaune gindin itacen bedi da jama'a, na ce masa, "Wagga Gwaggo taka ta kusa. Ran da ta mutu zan cire ƙofar in yi wa zabina akurki."

Kun san dai Nomau bai taɓa cewa firigo ya mutu ba. Sai dai "ta suma", ko "tana hutawa". Ya tashi tsaye har hularsa ta faɗi.

"Ta mutu ina raye? Wallahi sai ta binne ni!"

"To mu ƙulla," na ce. "In ta riga ka, ka tsaya tsakiyar tasha ranar kasuwa ka ce: jama'a, ta mutu, ni Nomau na kasa."

"Na yarda. In kuwa na riga ta, kullum safe ka durƙusa ka gaishe ta yadda nake yi, har ka biyo ni."

Aka tafa, aka shaida. Dariya na yi har da hawaye, don na girme shi, ga shi da ƙarfi kamar jakin amalanke. Gwaggo kuwa a lokacin tari take yi. Na ce wannan cin banza ne.

Ban yi lissafi da taurin kansa ba. Ai ku tambayi mutanen Safo. Wani Alhaji Mani can ya sayo kongelatar sabuwa, babbar firigon ƙanƙara, don sunan ɗansa, aka kawo ta kwance bisa amalanken jaki da safiyar sunan, aka kira Nomau ya haɗa. Ya sa aka tayar da ita tsaye, ya gaishe ta, sannan ya naɗe wayar kuran, wato ta lantarki, ya zauna a kai.

"Sai gobe," ya ce.

"Wace irin gobe? Baƙi sun zo tun daga Katsina!"

"Kwance aka kawo ta, Alhaji. Man da ke cikin zuciyarta ya gangara cikin hanji, sai ya koma mazauninsa. In ka kunna yanzu ta ƙone. Kai in aka ɗauko ka kwance bisa amalanke daga Maraɗi, ka iya sauka ka kama sussuka?"

Zuciya ita ce baƙar tukunyar nan ta baya mai gurnani, haka yake kiranta. Alhaji ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya turo dattawa. Nomau bai motsa ba. A nan aka kawo masa tuwo ya ci. Da azahar ta yi, ya ɗaure wayar a ƙugunsa ya yi salla a wurin. Baƙi suka sha zoɓo da ɗumi kamar maganin mura. Yaron nan yanzu ya zama saurayi, an raɗa masa suna mai kyau na Musulunci, amma duk Safo ba wanda ya san shi sai da Sai-Gobe.

Sau ɗaya na ga an kai shi ƙasa, kuma Tsoho Arzika ne ya yi, na gidan Anna masu bin addinin kakanni, wanda ƴaƴansa ke sayar da kifi. Kongelatar kifinsu ta kama rawa da gurnani, kwanonin da ke bisanta suna zubowa. Arzika ya ce Doguwa, aljanar tabki, ce ta biyo kifinta, ya tanadi baƙar kaza. Kafin a yanka, ɗansa ya kira Nomau. Ya zo ya gaisa, ya saurara, ya ɗan girgiza ta. Ya ce a ba shi tsohon silifa. Ya yanki guntu ya cusa ƙarƙashin ƙafa guda, ya zagaya baya ya ɗan janye wani siririn bututu da ke bugun jikinta. Tsit!

"Ta tahi?" in ji Arzika.

"Ba ta tahi ba, Baba, zama ta gyara. Ƙafa guda ce ke reto."

"To kazar fa?"

"Ta ce a ba manzo."

Tsohon ya dube shi ya jinjina kai. Aka yanka kaza, aka gyara, ya miƙo wa Nomau kai da ƙafafu a ganye. "A gidanmu rabon manzo ke nan." Nomau ya karɓa hannu biyu. A hanya na yi ta yi masa kukan kaza har gida.

Sai kuma maganar wuƙaƙe, wayyo! Ba abin da ya tsana kamar a sa wuƙa a fasa ƙanƙarar da ta daskare cikin firigo. Ya ce bututun gaz na nan ƙarƙashinta, da ka huda, fiii, sanyi ya tsere. "Ku zare waya, ku sa kwanon ruwan zahi ciki, ku yi haƙuri. Haƙurin ne ba ku da shi!" Kuma ba ya ɗura gaz sai ya bi bututu da kumfar sabulu ya ga inda take ɓulɓula ya toshe. "Gaz ba hatsi ba ne, firigo ba ta cin shi. In ya ragu, ƙofa ya samu." Saboda haka duk gidan da ya ga sawun wuƙa cikin firigo, sai ya bi madafa ya kwashe wuƙaƙen ya zuba jakarsa. Mata su yi ta masifa, shi ko a jikinsa. Ana haka Layya ta zo. Aka sauko Idi, raguna a ɗaure, unguwa ba wuƙa! Sai ga magidanta da manyan riguna sun yi layi ƙofar Nomau, har da ɗan aiken liman. Yana zaune bisa tabarma da buhu gabansa, kowa sai ya yi alkawari kafin ya karɓa. Ni ya bar ni na ƙarshe, ya ba ni wadda ba ta da ƙota.

Gwaggo kuwa, ko uwarsa bai yi wa hidimar da ya yi mata ba. Ba a kira shi ba zai zo. Ya janye ta daga bango, wai tana son iska. Ya share ragar bayanta da gashin zabo. Ya maƙala ganye a ƙofa ya ja, in ya zamo da sauƙi ya ce roba ta saki, ya gasa ta da ruwan zafi ya shafa mata man kaɗe. Tsahara ta lulluɓe ta da leshi don ado, ya yaye ya ce, "Kin taɓa ganin mai daka da bargo?" Ni ina gefe ina cewa, "A banza, zabina na jira." Shekara na bin shekara, zabin suka tsufa muka cinye su, Gwaggo na nan.

Bara da bazara ciwo ya kwantar da Nomau. Ƙafafu suka kumbura, aka kai shi likita Maraɗi, aka dawo da shi. Ban ɗauki abin da zafi ba, na ce lalaci ne. Ana cikin haka wata safiya Tsahara ta ƙwala mini kira: ƙanƙara ta narke, zoɓo ya yi tsami, Gwaggo ba sanyi. Ita tana kuka, jarinta ya zube. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, rigar Juma'a na ɗauko na sa, na kama hanyar gidan Nomau ina taku kamar ango.

Da matarsa Ladi ta ɗaga mini labule, sai na tsaya bakin ƙofa. Mutumin nan mai ɗaukar firigo shi kaɗai ya koma kamar karan dawa. Amma idon na nan.

"Rigar Juma'a ran Talata?" ya ce. "Gwaggo ce ko?"

"Ta mutu, Nomau."

"Ta suma. Mi take cewa?"

"Ba ta cewa komi."

"Ƙarya kake, kunnenka ne na jaki. Kwaikwaya mini."

Jama'a, ni da furfurata da jikokina, na durƙusa gaban gado na rufe baki na yi, "Hmmmm... tak!" Ladi ta toshe baki da mayafi.

"Sai kuma?"

"Sai shiru. Can an jima, hmmmm... tak!"

"Fitilar ciki na kamawa? An share bayanta?"

"Tana kamawa. An share."

"To zuciya na son tashi, mai tada ta ne ya gaza." Ya ce a jikin baƙar tukunyar akwai ɗan akwati, rele suke ce masa. In cire shi in girgiza kusa da kunne, in ya yi ƙara kamar caki, ya lalace. Ya sa Ladi ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ya laluba ya zaro wani irinsa. "Amma ka zare wayar kuran tukuna. Kada ka riga mu duka biyu tahiya, gardama ta lalace."

Na miƙa hannu, sai ya riƙe abin bai saki ba.

"Ka sani dai, Bawa, in ka jefa wanga rele cikin tabki, ka ci. Gobe kasuwa. Sai a ɗauke ni bisa amalanke a kai ni tasha in faɗa."

Na dube shi. Shekara da shekaru ina jiran ranar nan, har na zaɓi makaɗin da zan ɗauka.

"Kawo nan," na ce. "Ba na kokawa da wanda ke kwance."

Na koma gida na kama aikin, Tsahara na tsaye kaina tana salati. Na girgiza tsohon, ya yi caka-caka. Na cusa sabon yadda ya kwatanta, na maida waya. Gwaggo ta yi hmmmm, muka riƙe numfashi muna jiran tak. Tak bai zo ba. Da la'asar na kai masa ruwanta a kwanon sha, jikin kwanon na zufa. Kurɓa guda ya iya yi, sai ya manna kwanon a kumatunsa ya lumshe ido.

"Ta yafe maka," ya ce. "Ka fara koyon gaisuwa. Gwiwa biyu, ba guda ba, na san halinka."

Bai ga ƙarshen makon ba. Ruwan da masu zaman makoki suka sha, daga cikin Gwaggo ya fito.

Ya ci ni, kuma da hannuna na ba shi. Ban yi da-na-sanin sa rele ba. Abin da ke cina shi ne ban taɓa tsayawa na duba me ake nufi in ya ci ba. Ni dai hankalina na kan tasha da makaɗi. Da a ce tsohuwar nan ta mutu tun zamanin zabina, da an yi dariya, da ya yi wata guda bai gaishe ni ba, da yanzu yana gindin bedi yana jin haushina.

Ɗana da ke aiki Maraɗi ya ce zai kawo mana sabuwa mai ƙofa biyu. Na ce ya kai wa surukarsa. Kullum safe sai na durƙusa, gwiwoyin na ƙara fiye da tsohon relen, in ɗora hannu, in manna kunne. "Ina kwana, Gwaggo? Ƙaƙa zahi?" Da fari Tsahara na ƙyalƙyala dariya. Yanzu fita take yi tsakar gida ta bar mu. Har yau ban jin abin da take cewa, gurnani kawai. Amma nakan daɗe a wurin.

Allah ya jiƙan Nomau ɗan kawuna. Yadda ya yi rayuwarsa yana nema wa mutane sanyi cikin zafin garin nan, Allah ka sanyaya masa makwanci, ka yafe masa taurin kai, ka yafe mini bakina. Amin.