Ranar da Ɗorawar Gwaggo Ta Hau Mota

Funtuwa, biyar da rabi na asuba

Ina sallame salla na nufi tasha. Gwaggo Hanne ce ta kira ni. Yayanta, Baffa Sule, ya ba wani kamfani gonarsa a dasa itatuwan turare, wai Turawa za su riƙa biya don itatuwan suna shanye hayaƙin masana'antunsu. A tsakiyar gonar akwai ɗorawa, kuma ba tasa ba ce. A rabon gado shi ya samu ƙasa, ita ta samu itacen, da kalwarsa take daddawa tana rufa wa kanta asiri. Yanzu an ce za a sare.

Malumfashi, bakwai da kwata

Shingen 'yan sanda uku muka wuce, a kowanne direbanmu ya gaisa da su da hannu a dunƙule. Da na ba shi labarin tafiyata sai ya ce, "Malam, hayaƙi ake saye? Ga salansata nan, su zo mu daidaita." Na sha koko da ƙosai na ɗari biyar, na hau motar Ƙafur, daga can ɗan acaɓa ya kai ni ƙauyenmu.

Gona, ƙarfe tara

Na tarar da jami'in kamfanin, wani Malam Nura, da hular kwano a inda ko mangwaro ba ya faɗowa. Masu sara biyu suna wasa gatari.

"Hajiya, ɗorawar nan ba ta cikin tsari," in ji shi. "Wanda muka dasa kaɗai ke shan hayaƙi a hukumance."

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ita wannan tun kafin a haifi ubanka me take sha, kunu?"

Ya nuna takardar da Baffa ya dangwala. Na ce masa a nan mai gona daban, mai itace daban. Ya ce babu gurbin haka a fom. Baffa dai ƙasa yake kallo.

Muka ɗunguma zauren mai unguwa. Aka kira dattawa, aka tono rabon gadon, na zuba Turancin da ya sa aka kira ni. Bayan azahar aka yanke cewa itace na Gwaggo ne, kada a taɓa. Har muna yi mata barka. Ba wanda ya tuna ya ce wa masu sara su dakata, su kuwa aikin yini aka ɗauke su.

Da muka koma gona muka iske ɗorawar kwance, ana daddatsawa. Gwaggo ta zauna a kan kututturen. Kunya ta kama ni, raina ya ɓaci ƙwarai.

Komawa

Ƙarfe biyar ban samu abin hawa ba sai motar da aka loda itacen ɗorawar. A kan gungumen na zauna har Funtuwa. Bakwai saura muka tsaya a ƙofar wani gidan burodi, aka fara saukewa bakin tanda.

Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya. Turawa kuma su ƙara haƙuri, ga wani hayaƙin nan tafe.