Lakar da Na Bari a Saiwar Tattasai

A lokacin da abin nan ya faru ni manomin rani ne a Badaguishiri, mai zafin kai, wanda ba ya son a gaya masa. Garkata tana jikin ta wani maƙwabcina, rijiya ɗaya muke sha tun zamanin iyayenmu. Da ruwan rijiyar ya fara ja baya, sai na ga a waya yadda ake noma cikin bututu, ba ƙasa, sai ruwa da taki. Na je Konni na sayo bututu da duro da ɗan inji. Maƙwabcin nan ya yi ta dariya, yana tambayata ko tattasai ya koma kifi. Na riƙe abin a raina.

Gaggawa ta hana ni fara da iri. Tattasaina da ya riga ya fara fure na tono. Kowa a kwarinmu ya san ba a dashe da saiwa tsirara, da ƙasarta ake ɗaukarta. Haka na cusa su cikin bututun, kowanne da curin lakarsa, ina jin kaina gwani.

Ba a jima ba ganye ya yi yaushi, ruwan ya yi baƙi yana wari. Nan take zuciyata ta tafi kan mai dariya. Na shiga sa masa ido. In ya gaishe ni sai in ji kamar ba'a ce, in ya yi shiru in ce ya san abin da ya shuka. Wata rana da hantsi na hango shi tsaye a kan durona. Ban tambaye shi ba. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, a gaban jama'a na ce ya zuba mini wani abu a ruwa saboda hassada. Ya dube ni ya ce tabarma ya rufa wa duron don rana ta yi masa yawa. Na ce ƙarya yake yi.

Sai da na zo kwashe matattun na ga gaskiya. Laka ta toshe bututun, saiwa ta ruɓe a cikinta, ruwan ba ya ko motsi. Ashe a wannan noman wanke saiwa ake yi tas kafin a sa ta. Tabarmar kuwa tana nan inda ya ce. Kunya ta kama ni.

Na je na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe. Amma da kaka ya haƙa tasa rijiyar, ya ja darni tsakaninmu. Ina roƙon masu karatu, in sabon abu ya lalace a hannunku, ku fara duba hannun naku kafin ku dubi fuskar wani. Tattasai na sake shukawa ya yi kyau. Maƙwabcin nawa kuwa har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, daga bayan darni.