Hannun Barista Nafi'u a kan buhun wake

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina bakin rumbu ina ɗinke buhu wayata ta yi ƙara. Ƙanin Barista Nafi'u ne. Ya ce, "Yaya Habu, Barista ya rasu." Wai yana alwalar asuba ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta, ko ƙafa ban wanke ba. Ku yi haƙuri idan rubutun nan bai yi tsari ba, wallahi kaina ba ya tare da ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Nafi'u abokina ne tun muna firamare a ƙauyenmu, can bayan Zakirai. Ni na tsaya a sakandare, na koma noma da kai wake Dawanau. Shi ya zarce har ya zama malamin jami'a, yana koyar da dokar tambarin kasuwanci da haƙƙin mallakar fasaha. Ina ce masa Lauyan Buhu, shi kuma ya ce mini Sarkin Wake Marar Fada.

Lokacin da aka kwantar da maiɗakina a asibiti a birni, ɗakinsa ya bar mini, shi ya koma kwana a ofis. Sai da aka sallame mu na ji labari a bakin wani.

In ya taso daga birni zuwa ƙauyenmu, da ya wuce Gezawa motarsa sai ta koma ta haya. Tsofaffi, kaji, kwandon tumatir, duk wanda ya gani yana tafiya a ƙasa sai ya tsaya.

Amma ba wannan kaɗai ya sa nake wannan rubutun ba.

A garinmu muna da wata al'ada tun kakanni. Ba ma zuba wa wake maganin ƙwari. Toka da barkono muke sa masa, ko mu toshe shi a duro. In an zuba a buhu an ɗinke, sai dattijon gari ya tsoma tafinsa a ruwan shuni ya danna a jikin buhun. Wannan hannun rantsuwa ce cewa babu guba a ciki. A kasuwa in aka ga buhu mai hannu ba a tsayawa dogon ciniki, masu ƙosai da alale ma nemansa suke. Yanzu Baba Iro ne mai sa hannun, ya gada wurin mahaifinsa.

Shekarun baya wani babban ɗan kasuwa da ke sayen wakenmu ya zo har ƙofar masallaci da buhun sukari da goro. Ya durƙusa ya gaida dattawa, ya ce a ba shi aron hannun ya buga a buhunansa, don ya taya mu tallata shi. A wurinmu wanda ya zo aro da ladabi ba a ce masa a'a. Ana ara wa mutum jaki, ana ara masa garma, to hannu kuma fa? Dattawa suka ji kunyar goron da suka karɓa, suka ce je ka, Allah ya sa albarka.

Ashe Abuja ya wuce ya yi wa hannun rajista da sunan kamfaninsa.

Bara na kai kaya kasuwa, sai ga shi da wasu mutane riƙe da takardu. Suka ce hannun nasa ne, mu ne masu kwaikwayo. A gaban jama'a aka kwashe buhunanmu. Ni da na ɗauko su tun daga ƙofar Baba Iro aka nuna da yatsa kamar ɓarawo. Abin da ya fi ƙona mini rai, waken da yake sayarwa da hannunmu warin magani yake yi.

Daga nan kai tsaye gidan Nafi'u na nufa, ina faɗa ina kumfar baki. Ya bari na gama, ya turo mini kwanon abinci, ya ce, "Ci tukuna, Habu. Doka ba ta hana wanda ya riga amfani da shaida ya ci gaba da abinsa. Aikinmu kawai mu nuna wa kotu kun riga shi."

Ya shigar da ƙara a madadinmu. Da dattawa suka aika masa da tiyar wake don godiya, sai ya dawo da ita gidan marayu a unguwarmu.

Kusan duk Juma'a sai ya zo. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar Baba Iro da goronsa, yana tambayar yadda abin ya faro. Daga wannan zaman ne ya yi wani dogon rubutu na ilimi a kan shaidun da mutanen karkara ke sa wa kayansu, da yadda mai wayo ke kwashe su da rajista. A watan jiya wata ƙungiyar malaman shari'a ta zaɓi rubutun a matsayin wanda ya fi kowanne a fannin, suka ce za su ba shi lambar yabo.

Da ya faɗa mini na ce, "To Lauyan Buhu, ita lambar dafa ta za mu yi ko soya ta?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ba tawa ba ce. Yanzu manyan fannin sun karanta labarinku, ba wanda zai ce bai san da ku ba." Ya ce da Baba Iro zai je karɓa, har yadi ya saya masa na babbar riga.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Juma'ar da ta wuce ce. Mun gama casa, buhuna jere a ƙofar rumbu, an dama shuni a tasa, amma Baba Iro ya ƙi sa hannu. Ya ce shi da tsufansa ba za a kai shi ofishin hukuma ba. Nafi'u ya matso kusa da tasar. Ya naɗe hannun rigarsa, farar shadda ce sabuwa, ya tsoma tafinsa ya danna a buhun farko. Shuni ya gangaro masa har gwiwar hannu.

Ya ce, "Baba, in kamu ne ni za a fara kamawa. Sauran a jira mu dawo daga kotu, da hannunka za ka sa musu."

Farkon watan gobe ne zaman kotun.

Jama'a, ban san yadda za mu yi ba. Kun san yadda shekarun nan suke. Da ƙyar muka sami taki, wasu sai da suka sayar da akuya kafin su yi shuka. Gero bai yi kirki ba bana, waken nan shi ne abincin gidaje da yawa har damina. In muka kai shi ba hannu, dillalai za su saye shi kamar kowane wake, ko wahalarmu ba za ta fita ba. In muka sa hannu, a sake kwashewa. In muka ajiye, ƙwari ba sa jiran kotu, mu kuma ba za mu zuba guba ba.

Baba Iro ne kaɗai ya rage a cikin waɗanda suka ga ana sa hannun tun kafin a haifi ɗan kasuwar, shi ne babban shaidarmu a kotu. Ƙafa ta riƙe shi, numfashi ma sai a hankali. Yau a kan kujera aka kai shi jana'iza.

Ni ban san ƙofar kotun ba ma in ba tare da Nafi'u ba. Lauyoyin da na tuntuɓa a baya sun ce wannan ba fanninsu ba ne.

Don Allah, don Annabi, in akwai ɗalibinsa ko abokin aikinsa da ke karanta wannan, ko ɗaya daga cikin malaman da suka zaɓi rubutunsa, ku neme ni ta saƙo. Kun karanta labarinmu kun ce ya fi kowanne. To mutanen da ke ciki suna nan da ransu, kuma ba su da kowa. Wanda ba lauya ba ya taimaka ya tura gaba, wataƙila ya isa inda ya dace.

Da muna fitowa daga maƙabarta Baba Iro ya riƙo rigata. Ya ce, "Habu, a dama shunin ko a bari?"

Da na dawo gida na tarar da buhunan jere kamar yadda Nafi'u ya bar su. Duk farare ne, in ban da guda ɗaya. Na ɗora tafina a kan nasa, yatsunsa sun ɗan fi nawa tsawo. A nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace.

Ya Allah ka jiƙan Nafi'u, ka yafe masa kurakurensa, ka haskaka kabarinsa. Yadda ya tsaya mana ba don komai ba, ka tsaya wa matarsa da 'ya'yansa. Ka ba shi littafinsa a wannan hannun na dama da ya sa mana.

Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Mu ma ku sa mu, Allah ya kawo wanda zai tsaya a inda ya tsaya kafin watan nan ya kama.