Gwiwar Mai Lauje da Farin Man Shanu

Ba mai kiransa da sunan yanka a layinsu. Mai Lauje ake ce masa, domin shekara talatin da 'yan kai duk wanda ya fito da sassafe sai ya gan shi yana tura baro zuwa bakin rafi, lauje rataye a kafaɗa. Shanun madara huɗu gare shi a garken bayan gida, kuma bai taɓa yarda su karya da busasshen abu ba. Ɗanyar ciyawa mai raɓa yake yanko musu, ya cika baro maƙil, ya dawo yana fito, ƙafar wandonsa sharkaf. Shanun sun san ƙarar tayar baron nan tun daga kwana.

Aikin gidan a rabe yake tun farkon aurensu. Daga ciyawa zuwa bokitin madara, nasa ne. Daga bokiti zuwa kwalbar man shanu, na matarsa ne. Ita ba ta leƙa garke, wai warin wurin yana bin zani. Shi kuma ba ya taɓa mata tukunyar kaɗi, don ya san abin da zai biyo baya. Man da take yi kuwa sai wanda ya gani: rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, ya daɗe a kwalba ƙamshinsa bai juya ba. Mata daga unguwanni masu nisa suke zuwa nema.

"Hannuna ne," takan ce in an yaba.

"Ciyawata ce," yakan amsa daga ƙofa.

"Je ka kaɗa ciyawar mu gani."

Haka suke wannan musu shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa kayar da wani, kuma babu mai son a gama shi.

Sai gwiwa ta fara. Gangaren rafin da yake sauka a guje a da ya zama abin da yake tsayawa ya kalla tukuna. Wata safiya ya durƙusa yankan ciyawa, tashi ya gagara, sai da ya ja jiki ya kama wata saiwa. Da wani mai hankali ne, da ya koma gida ya faɗa wa matarsa. Mai Lauje kuwa akwai taurin kai, kuma yana jin ranar da ya ce ba zai iya ba, ranar ya daina zama kowa.

Sai ya ɓullo da dabara. Kullum ya fita da baro a kan lokaci, amma maimakon rafi sai ya karkata shagon mai sayar da abincin dabbobi. Ya loda busasshiyar ciyawa da dusa, ya zauna a benci har lokacin dawowa ya yi. A hanya ya tsinki ɗanyar ciyawa 'yar kaɗan a bakin titi ya lulluɓe saman baron, saboda tagar kicin da zai wuce. Har ruwa yakan yayyafa wa ƙafar wandonsa. Shanun suka ci dusa suka yi ɓulɓul, madara ma ba ta ragu ba. Ya ce a ransa shi ke nan, asiri ya rufu.

Man ne ya ƙi rufa masa asiri. A hankali launinsa ya riƙa kodewa har ya koma fari fat, kuma ba ya jimawa sai ɗanɗanonsa ya juya. Wata tsohuwar mai saye ta dawo da kwalba cikin ladabi, tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Matarsa ba ta zargi kowa ba sai kanta. Ta canza tukunya. Ta wanke kwalabe da tafasasshen ruwa sau biyu. Ta riƙa kaɗi tun da sanyin safiya, ta rage gishiri, ta ƙara gishiri. Yana zaune yana kallonta tana juya tafin hannunta tana dubawa.

"Malam, hannun nan ya mutu," ta ce masa wata rana. "Haka na Innata ya yi kafin ta bar aiki."

"Haba, wane irin mutuwa? Yanayi ne."

Abin da ya iya faɗa ke nan, kuma abin kunya ne, shi ma ya sani. Bayan wata biyar ta wanke tukunyar ta kife a saman kabad. Madarar sai a sayar da ita haka nan. Musun nan nasu ya ɗauke, gidan ya yi tsit.

Autarsu tana aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin madara. Da ta zo hutu ta tarar da tukunya a kife. Ta ɗebi madara a 'yar kwalba ta tafi da ita. Mako na zagayowa ta dawo, ta wuce garke kai tsaye, ta sami uban yana zuba dusa.

"Baba, yaushe rabon shanun nan da ɗanyar ciyawa?"

"Kullum ina..."

"Baba." Ta kalli buhunan da ya ɓoye bayan kwanon rufi. "Abin da saniya ta ci, shi ke fitowa a madara. Ɗanyen ganye yana da sinadarin da ke ba mai launin rawaya, da wanda ke kare shi kada ya yi saurin lalacewa. In ciyawa ta bushe ta daɗe a ajiye, yawancinsu sun tafi. Dusa tana cika bokiti, amma ba ta mayar da su. Na auna, sun yi ƙasa sosai."

Ya zauna a kan buhu. Ya daɗe yana cewa ciyawarsa ce, ga shi yau na'ura ta ba shi gaskiya, kuma bai taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba.

"Gwiwa ce," ya ce a hankali. "Kar ki faɗa wa mahaifiyarki."

"Ni ba zan faɗa ba. Amma wancan zuwan na ga tana ɓoye hannunta cikin mayafi da baƙi suka zo."

Washegari bai fita ba. Ya shiga kicin ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ya faɗa mata duka: saiwar da ya kama, bencin shagon, ciyawar bakin titi, har ruwan da yake yayyafa wa wando. Bai rage komai ba, don ya san in ya tsaya ba zai ƙarasa ba.

Ta ajiye rariya. Ta kakkaɓe garin hannunta.

"Wata biyar," ta ce. "Wata biyar ina tsine wa hannuna, kana zaune kana cewa yanayi ne."

"Na ji kunya ne."

"Kunyar wa? Ni da na san adadin haƙoranka?"

Hawaye ya zubo mata, ta share da gefen zani cikin fushi. Ta buɗe tafukanta ta dube su sosai, gaba da baya. Sannan ta miƙe ta buɗe kabad, ta ɗauko kwalbar farin man nan da aka dawo mata da shi, ta jawo kujera da ƙafa.

"Zauna. Naɗe wandon."

Ya zauna ya naɗe. Gwiwar ta kumbura suntum, ta kalle ta ta girgiza kai. Ta lakato man ta shafa, ta sa yatsu ta danna inda ya fi ciwo.

"Wayyo! A hankali mana!"

"Au, da zafi?" ta ce, ba ta sassauta ba. "Ashe hannun yana nan da ransa."