Dattijo Mai Ƙullin Ƙanƙara

Cha'ibu na zaune a tashar Matameye, yana tunanin karatun da aka katse masa. A jami'a, aikinsa auna saurin da ƙwayar zarra ke maido da elektaron ɗinta, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye ta, bayan tsananin zafi ya raba ta da su.

Gefensa wani dattijo ne mai facacciyar riga. Duk motar da ta iso daga Damagaram sai ya miƙe, riƙe da ƙullin ƙanƙara biyu.

"Baba, wa ake jira?"

"Iyalina, ɗana. Aljeriya suka tafi bara waccan."

Wataƙila ƙulli ɗaya na matarsa ne, ɗaya na 'yarsu. A na'urar awon Cha'ibu ta jami'a, kafin ƙiftawar ido ƙwayar ta samu nata. Dattijon kuwa ya koma ya zauna, ƙanƙarar na ɗiga bisa ƙafarsa.