Inna Rahila ta tafi, tsakuwar Yohanna ta rasa mai riƙo

Inna Rahila ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni a tashar Anka, ina tsaye muna jayayya da direba kan inda zai ɗora mini kwalin rediyo. Matata Talatu ce ta kira. Netwok na ta yanke ta, sai da ta maimaita. Ko kuma na ji tun farko, kunnena ne ya ƙi karɓa.

Na zauna a kan kwalin. Direba na ta cewa zan fasa kaya, ban tanka ba. Duk wanda ya san Bitrus mai rediyo na kasuwar Gummi ya san in aka gaya mini magana ban mayar ba, to abin ya kai.

Talatu ta ce da safe surukar Inna ta kai mata ruwan wanka, ta iske ta zaune kan tabarma, bayanta jingine da bango, idonta rufe. Sai ta ajiye bokiti a hankali ta fita da sanɗa. Haka aka saba a gidan, in Inna ta yi shiru ba a taɓa ta. Sai da ruwan ya huce aka koma aka duba.

Ga waɗanda ba su san ta ba: tsohuwa ce mai daddawa a bayan cocinmu. Daga wajen Zuru aka kawo ta amarya tun ba a haife ni ba, mijinta malamin firamare ne, ya daɗe da rasuwa. Ba ta da wani muƙami a coci. Ko a zumuntar mata can baya take zama. Amma duk Laraba da la'asar muna taruwa a tsakar gidanta ƙarƙashin darbejiya, mu 'yan kaɗan, mu yi abin da muke kira zaman Laraba.

Yadda na fara zuwa abin dariya ne. Na ji an ce akwai wasu masu taron addu'a da ba su da sifika. Ni kuwa sifika nake sayarwa. Na zaɓi mai kyau, na cika mata caji, na saɓa a kafaɗa na nufi gidan. Tun daga ƙofa na fara talla, na ce wannan in kun kunna ta har Bukkuyum za a ji amin ɗinku.

Inna ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta nuna mini tabarma.

"Zamna, ɗiyana. Ka ji abin da za mu sa a cikinta tukuna."

Na zauna. Wata ta karanta aya guda ɗaya, aka rufe littafi. Ina jiran a ta da waƙa. Shiru. Ina jiran wani ya fara addu'a mu amsa. Shiru. Kaji na ta tono, wani tsoho na gefena har ya fara gyangyaɗi. Ashe zaman ke nan. Ba a tashi sai inuwar darbejiya ta taɓa randar da ke bakin ɗakinta. Ran da hadari ya rufe rana kuwa, sai dai ka jira Inna ta yi gyaran murya, ita kuma ba ta da gaggawa.

Na koma da sifikata yadda na zo da ita. Laraba ta zagayo na sake zuwa, wai ko za su canza shawara. Haka dai nake gaya wa abokaina a kasuwa.

Shiru ya fi ɗaukar buhu wahala, wanda bai gwada ba bai sani ba. Da na rufe ido sai kasuwa ta buɗe a kaina: wane ya ce zai dawo, batir ya kusa ƙarewa, wane ya zage ni ban rama da kyau ba. Na yi mata ƙorafi, na ce ni kaina ba a yi shi don wannan ba. Ta ce tunani kamar kwastoman da ya zo taɓa kaya ne ba saye ba. Ba a korarsa, ba a kuma bin sa har bakin titi. Ka amsa gaisuwarsa ka bar shi ya wuce, ka komo wurin Yesu ka zauna.

Ban taɓa jin wa'azin da ya san ni kamar wannan ba.

Lokacin da cikin Talatu ya zube, gidanmu ya cika da masu ba da haƙuri. Kowa da ayarsa, kowa da labarin wadda tata ta fi tamu muni. Inna ta zo ta zauna gefen gado, ta ɗauki farantin wake tana tsincewa. Har ta tafi ba ta ce uffan ba. Daga baya Talatu ta ce a duk waɗanda suka zo, ita kaɗai ce ta bar ta ta yi kuka ya ishe ta.

In ta biyo ta gaban rumfata ina ƙure sauti, ba ta magana. Kunnenta kawai take ja da yatsu biyu ta wuce. Sai in rage. Da ta sha kwana in ƙara.

Sai kuma zamani ya canza mana. Hanyoyi suka lalace, aka fara tare motoci ana shiga da mutane daji. A nan ne ƙwarya ta shigo zaman Laraba. Duk wanda aka ɗauke wa mutum, sai ya zo a tsinci tsakuwa guda a sa mata sunan wanda aka ɗauke, a ajiye ta cikin ƙwaryar. In an zauna, kowa ya ɗauki wadda aka ba shi ya dunƙule a hannu, ya riƙe mutumin a gaban Ubangiji, ba magana. Wanda ya dawo gida, da ƙafarsa yake zuwa ya ɗauki tsakuwarsa. Na tuna wata baiwar Allah da ta dawo duk ta rame, aka miƙa mata tata, ta juya ta a tafin hannu tana dariya tana hawaye, ta ce ashe 'yar wannan abar ce ita. Wanda kuma aka tabbatar ya mutu, sai a binne tasa a gindin darbejiya.

Ban taɓa zaton zan kai suna ba.

Ƙanena Yohanna yana haƙar zinari ta wajen Gwashi. Yana hanyar dawowa gida aka tare su. Damina biyu ke nan. Waɗanda suka ɗauke su ba su kira ba, ba wanda ya dawo ya ce ya gan shi, ba gawa.

Ranar da na je wurin Inna, na ɗauki wani dutse mai ƙyalli daga jakar da ya bari a gida, irin wanda suke fasawa. A ganina wannan ne ya dace da shi. Tana hango shi a hannuna ta miƙe, abin da ban taɓa gani ba, Inna da sauri. Ta tare ni a ƙofa ta ce ko na manta yadda gubar dalmar da ke cikin ƙurar duwatsun nan ta kashe yaran Dareta ne, zan shigo da shi gidan da jikoki ke rarrafe. Ta sa na kai shi bayan gari, ta tsaya a kaina na wanke hannu da sabulu kamar ɗan yaye. Sannan ta duƙa gefen randa ta tsinci wata 'yar tsakuwa mara fasali, ta ce ga Yohanna.

Na miƙa hannu in karɓa. Ta dunƙule nata.

Ashe akwai doka: ba mai riƙe ta jininsa. Na ce wace irin doka ce wannan, wa ya fi ni jin zafin abin?

"Shi ya sa," in ji ta. "Kai in ka riƙe tashi, ciniki za ka shiga yi da Allah. In ka maido shi zan yi kaza, zan bar kaza. Ba kasuwa muka zo ba."

Ita ta ɗauki ta Yohanna. Ni kuma ta zaro wata daga ƙwarya ta damƙa mini, ta ce sunansa Hassan. Ɗan Malam Garba mai shayi ne, maƙwabcin rumfata, wanda ba ranar da ba ma yin cacar baki kan ƙarar sifika. Uwar yaron ce ta aiko da sunan ta hannun maƙwabciya, don ita Inna ba ta tambayar mai kuka inda yake sallah. Na kalle ta, ta kalle ni. Tsohuwar nan ta san abin da take yi.

Tun ina riƙewa don kunyarta har na koma ina jin nauyin yaron. Ban taɓa gaya wa Malam Garba ba. Ban san wa ya tsegunta masa ba, amma tun wata Laraba, in zan rufe rumfa da wuri sai ya ce in tafi zai duba mini kaya. Faɗan sifika dai ba mu daina ba.

Haɗuwata ta ƙarshe da Inna makon jiya ne, kafin in fito wannan tafiya.

Dangi sun zauna sun yanke shawara a yi wa Yohanna addu'ar mamaci. Matarsa Ladi yarinya ce, iyayenta na son ta koma gida, ba za ta ƙare rayuwarta tana leƙen ƙofa ba. Fasto ya yarda. Ni aka wakilta in gaya wa Inna ta binne tsakuwar, tunda an san ni da iya tsara magana. Na kuwa tsara ta tun a hanya.

Na iske ta tana shanya kalwa, ƙafafunta sun kumbura, da ƙyar take taka su. Na yi jawabina tiryan-tiryan. Ta ce a yi addu'ar, a sallami Ladi da mutunci, kada wanda ya ɗora mata laifi. Har na fara jin daɗi ciniki ya faɗa. Sai ta kwance haɓar zaninta. Ga tsakuwar nan a ƙulle, ta yi sumul saboda murza. Ni na ɗauka a ƙwarya take kwana sai Laraba. Ashe duk inda Inna ta sa ƙafa tare suke zuwa.

Ta tambaye ni ko mun ga gawa. Na ce a'a.

"To wagga ba ta shiga ƙasa. Ban ce maka shina da rai ba, Bitrus, ban sani ba. Amma ko ina yake, ba a barin shi ba mai riƙo."

Don in rufe kunya sai na koma barkwanci, na ce to Inna ranar da kika gaji fa? Ta mayar da ƙullinta, ta ce ai sai ni Bitrus in yi abin da na iya. Bakin da ke sayar wa kurma rediyo ba zai rasa samo wa ƙanensa mai riƙo ba. Ta ƙunsa mini daddawa in kai wa Talatu, ta ce in gaishe da hanya.

Ban waiwaya ba. Wa ya san ta ƙarshe ce?

Ɗazu Talatu ta sake kira. Da mata ke shirya gawar Inna sun iske ƙullin a haɓar zani. Wasu sun ce a sa mata a cikin akwati su tafi tare, tunda ita ce mai riƙonsa, kuma dangi ma ai sun haƙura. Magana ce mai kyau, masu faɗinta ma da zuciya ɗaya suka faɗa. Na ce a'a. Na ce ta kwance ta mayar cikin ƙwarya ta jira ni. Addu'ar Yohanna za mu yi ta yadda aka shirya, Ladi za ta tafi da albarkarmu. Amma ba mu ga gawa ba.

Yanzu ina nan zaune a tasha, an ce sai motoci sun taru a tafi a jere. Ban san ko zan riski jana'iza ba. Hannuna ɗaya na cikin aljihu a kan ta Hassan. Ita zan ci gaba da riƙewa, don uwarsa ma tana jira. Ta Yohanna kuwa doka ta hana ni, kuma na gwada kaina na gani, gaskiyar Inna ce: ko yanzu na rufe ido na tuna shi, alkawura nake jerawa.

To ga ni na fito talla, Inna, kamar yadda kika ce. Ba sifika a hannuna wannan karon.

Ina neman mai riƙo. Ba sai ka san shi ba, rashin sanin ma ya fi. Sunansa Yohanna. Dogo ne, yana da wushirya, yana ɗingisawa kaɗan da ƙafar hagu, ba ya cin tuwo sai da yaji. In kana Gummi, gidan na nan bayan coci, darbejiya na nan, ranar Laraba za mu shimfiɗa tabarma ko da ba mai yi mana gyaran murya. In kana nesa, duƙa ka tsinci tsakuwa a inda kake, ka kashe waya na ɗan lokaci ka zauna da shi.

Ya Ubangiji Yesu, ga baiwarka Rahila ta zo. Ta daɗe tana zama a ƙofarka ba ta ce komai ba, yau ka buɗe mata ta shiga ta huta. Ka ta'azantar da 'ya'yanta da jikokinta da surukarta, wadda tun safe take kuka tana cewa da ta sani da ta taɓa ta. Ka tuna da Yohanna da Hassan da duk sunayen da ke cikin ƙwaryar nan, waɗanda ke daji da waɗanda kai kaɗai ka san inda suke.

'Yan'uwa Kirista, da abokaina Musulmi na kasuwa da ke karanta wannan, ku sa ta a addu'a, kowa yadda ya saba. Ku sa mu mu ma.

Wanda zai karɓi ta Yohanna, ba sai ya yi dogon rubutu a ƙasa ba. Ya ce "na riƙe" kawai, zan gane.